Usta Audi da Rufin Kanisa

A Hillar Gawo, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogin Nilu Shuɗi tsakanin Abu Na'ama da Abu Hujar, da wuya ka shiga gidan da hannun Audi Jibirin bai taɓa ba. Wani ɗaki ya yi masa, wani katanga, wani ko murhun gasa burodi ne. Masallatai tara ya gina a ƙauyukan bakin kogin, wanda mutanen wurin ke ce wa Bahar kawai. Usta ake kiransa, kamar yadda ake kiran gwanin sana'a a ƙasar, har yara da yawa ba su san yana da wani suna ba.

Kakansa ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa da niyyar Makka. Guzuri ya ƙare masa a nan, ya ce bari ya yi damina ɗaya, daminar nan ɗaya ta cinye sauran rayuwarsa. Mahaifin Audi manomin dawa da riɗi ne, ya so ɗansa ya gaje shi, amma Audi da fartanya ba su taɓa shiri ba. Yana ɗan shekara goma sha biyar ya sauka bakin Bahar wurin masu kamina, inda ake ƙona jan tubali, ya koyi kwaɓa laka da jera ɗanyen tubali da sanin wuta ta launin hayaƙinta. Daga baya ya tafi Hasahisa lokacin da masaƙa ke aiki, ya yi shekara shida yana gina gidajen ma'aikata. Ya dawo da cokalin gini da igiyar awo da kunne ɗaya da ya daina ji, ya auri Ma'u, ya zauna.

Mutum ne marar yawan magana, mai taurin kai a kan aiki. In layin tubali ya karkace da faɗin ɗan yatsa sai ya rushe shi, ko da mai gida na roƙonsa ya bari.

Kudu da gari, bayan tsohon gidan injin ban ruwa, akwai wani ƙaramin cocin Katolika da kowa ke kira kanisa. Tun zamanin Turawa wasu fada, wato limaman Katolika, suka gina shi saboda ma'aikatan da aka kawo daga Kudu da duwatsun Nuba don haƙar magudanan ruwa. Bai fi cin mutum tamanin ba. Abin da ya bambanta shi da kowane gini a yankin shi ne rufinsa: babu katako, babu ƙarfe, babu kwano. Jan tubali ne zalla aka lanƙwasa daga bango zuwa bango kamar bakan gizo, kowane tubali na riƙe da ɗan'uwansa. Tun Audi na saurayi yakan tsaya bakin ƙofar ya ɗaga kai yana ƙirga layuka, yana neman gane yadda aka yi abin bai faɗo ba. Bai taɓa samun wanda zai tambaya ba, don maginan sun daɗe a ƙasa.

Mai kula da wurin wani Banube ne, Santino Kafi, tsohon ma'aikacin injin ban ruwa. Shi ke jan addu'a in fada bai zo ba, fada kuwa sau ɗaya a wata yake zuwa. Da aka raba ƙasar biyu, Kudu ta ɓalle, yawancin mutanen Kudu suka tafi, sai gidaje ashirin da 'yan kai suka rage a kambo, zangon 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki. Tsakanin Audi da Santino gaisuwa ce ta shekara arba'in, da shan gahawa lokaci-lokaci a kasuwa. Ba za a ce aminai ba ne.

A daminar 2020 Bahar ta cika yadda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Kwana huɗu mazan gari na kan tudun ƙasar da ke tare ruwa suna cika buhuna da yashi, mutanen kambo ma suka zo da nasu fartanyu ba tare da an kira su ba. A rana ta huɗu da hantsi ruwa ya soma tsiyaya ta ƙasan tudun daidai saitin gidaje. Audi ya duba, ya ce hanya ɗaya ta rage: a fasa tudun ta kudu, ruwa ya bi fadama ya rage ƙarfi. Kowa ya san abin da ke tsaye a bakin fadamar. Aka soma satar kallon Santino.

Santino ya share zufa, ya dubi gari, inda mata ke ta fitar da yara da kaya. Ya ce cikin Larabci, "Wancan gini ne. Nan kuwa mutane ne." Ya saɓa fartanyarsa ya yi gaba, shi ya fara sara.

Gari ya tsira, ko ɗaki ɗaya bai faɗi ba. Kanisa kuwa ta kwana goma sha ɗaya cikin ruwa. Da ya janye, bangon kudu ya nutse ya karkace, rabin rufin ya zube ciki.

Aka yi kaka, aka yanke riɗi, mutane suka koma harkokinsu. Duk Lahadi in Audi zai sauka kamina yakan ga mutanen kambo ƙarƙashin wani gawo kusa da kangon, matan sun lulluɓe kai saboda rana, suna waƙarsu a hankali. Yakan ɗaga hannu ya wuce, amma abin na damunsa, don shi ya ce a fasa.

Santino ya yi ta zarya zuwa birni neman izini. Abin da ya samo shi ne, sabon gini na buƙatar takardun da ba a san ranar fitowarsu ba, amma gyaran tsohon gini a kan siffarsa ta asali ba shi da wuya, muddin injiniya ya sa hannu. Injiniyar da ta zo wata matashiya ce, Sawsan Musbahu, 'yar Hausawan Sinnar, wadda Hausarta ke tafiya da ƙyar sai Larabci ya tallafe ta. Ta zaga kangon, ta yi awo, ta ce gaskiya ɗaya ce: irin wannan rufi babu mai yin sa yanzu, in kuma aka ɗora kwano to ya zama sabon gini, ba za ta iya rubuta gyara ba.

Audi na tsaye gefe, Santino ne ya gayyato shi ya duba bango. Sai aka ji Audi ya ce shi zai mayar da rufin yadda yake. Sawsan ta tambaye shi, cikin ladabi, ko ya taɓa yin irinsa. Ya ce bai taɓa ba, amma ya fi shekara arba'in yana kallonsa. Ta yi ɗan murmushi, ta ce za ta sa hannu bisa sharaɗi ɗaya, ba za a cire ko ɗaya daga tokarin da za a tallafe rufin da shi ba sai tana wurin.

Kafin magariba zance ya gama gari. Wanda ya fi ɗaukar zafi shi ne Salih, dillalin riɗi kuma ɗan kwamitin masallaci. Ba mugun mutum ba ne, a lokacin ruwa shi ya ba da buhunansa duka. Amma ya tsaya ƙofar masallaci ya ce hannun da ya gina mihirabi tara bai kamata ya gina ɗakin gicciye ba, a tara musu abinci da bargo, wannan alheri ne, gini kuwa wani abu ne daban. Mutane da yawa suka ga gaskiyarsa. Ma'u ta dawo daga wani suna ranta a ɓace, ta ce mata sun yi shiru da ta shiga. Ta ce da mijinta, ga tsufa ga ciwon baya, me ya kai shi neman magana.

Shi kansa Audi zuciyarsa ba ta kwanta ba. Bayan la'asar ya sami liman, Malam Abdussalami, a rumfarsa, ya zayyana masa komai, har da cewa ba tausayi kaɗai ke jansa ba, akwai kwaɗayin magini na ya gwada hannunsa. Malamin ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce da a ce haka kawai aka zo aka tambaye shi game da gina musu wurin ibada, da ya ce malamai sun yi magana mai tsawo, shi kuma ba zai yi gaggawa ba.

"Amma wagga ba ita ce tambayarka ba, Usta. Wa ya buɗe ruwan?"

"Mu munka buɗe, Malam."

"Don mi?"

"Don gidajenmu su tsira."

"To wanda ya ɓata abin maƙwabci don ya tsirar da nasa, gyara ya hau kansa. Wannan ban san saɓani cikinta ba. Kuma ba kai kaɗai ta hau ba."

Ranar Juma'a liman ya maimaita wannan magana a gaban jama'a, bai ƙara bai rage ba, sai dai ya tuna musu cewa kakanninsu ma baƙi suka zo ƙasar nan, sun san ɗacin a ce da mutum ba nan ne wurinsa ba. Ya ce ranar Asabar akwai gayya, wadda a nan ake ce wa nafir, shi zai je da bokitinsa, wanda ya ga dama ya biyo. Salih bai gamsu ba. Ya janye aikin barandar masallaci da aka riga aka ba Audi ya miƙa wa wani magini daga Abu Hujar. 

Mutum goma sha bakwai suka zo gayyar farko, ban da mutanen kambo. Audi ya hana a zubar da tubali ko ɗaya. Aka tono tsofaffin daga cikin laka, matan kambo suka zauna suna kankare su, shi kuma yana ƙwanƙwasa kowane da cokali yana saurare da kunnensa mai ji. Mai ƙara kamar ƙarfe a ajiye dama, mai dushewar murya a ajiye hagu. Tsofaffin tubalan sun fi na yanzu siranta da faɗi, don haka ya sa kafinta ya yi masa sabon ma'auni, ya koma kamina ya ƙona dubu shida da hannunsa. Siminti ma ya ƙi shi, ya ce da farar ƙasa da yashi aka yi na farko, da su za a yi na biyu. A nan suka yi doguwar gardama da Sawsan, wadda ke zuwa duk mako biyu a motar kasuwa. Ta kankaro ɗan tsohon kwaɓin ta tafi da shi, ta dawo ta ce Baba ya yi gaskiya.

Aka tayar da bangon kudu cikin wata guda. Sannan Audi ya sa aka haɗa katako a lanƙwashe, aka tokare shi da itatuwa daga ƙasa, ya jera baka na farko a kansa. Ya yi kyau ƙwarai. Da ya kwana goma, zumuɗi ya ci ƙarfinsa, ya ce a cire tokarin ya gani, bai jira injiniya ba. Aka zare itace na ƙarshe, bakan ya tsaya kamar ƙiftawar ido uku, sai bango ya ɗan motsa waje, abin ya rufto gaba ɗaya. Allah ya kiyaye ba kowa a ƙarƙashi, tubali ɗaya ne ya daki Santino a ƙafa.

A kasuwa wasu suka ce ai ga ishara. Wasu dariya kawai suka yi. Audi ya shiga ɗaki ya kwana biyu bai fito ba sai zuwa masallaci, shi ma a makare yake zuwa ya tsaya sahun baya. A rana ta uku Santino ya zo yana ɗingishi, tare da Sawsan. Ma'u ta shimfiɗa musu tabarma. Audi ya fito ya zauna, kansa a ƙasa, ya ce ya karya alkawari, ya kuma kusa kashe mutum, su nemi wani.

Sawsan ba ta yi masa faɗa ba. Ta buɗe littafinta ta nuna masa zane. Ta ce bakansa ba shi da aibi, bangon ne bai iya ɗaukar turin da baka ke yi waje ba. Ta sa an haƙa gefen bangon arewa, wanda bai faɗi ba, ta tarar da wasu ƙafafu masu kauri binne cikin ƙasa suna dafe da shi. Na kudu ruwa ya cinye su, shi ya sa ba wanda ya san da su.

"Baba, shekara arba'in kana kallon sama," ta ce da Hausarta mai tuntuɓe. "Sirrin yana ƙasa. Ni na san lissafi, ban san tubali ba. Kai ka san tubali. In ka zauna, ni ma na zauna."

Santino ya ce ƙafarsa ta gaya masa ba za ta warke ba sai ta ga rufi. Ma'u, wadda ke bakin ƙofa tana ji, ta shiga ta ɗauko cokalin ginin ta ajiye gaban mijinta. Ta ce da bai fara ba da ta fi kowa murna, amma tun da ya fara, ba za a ce mijinta ya bar gini a ƙasa ba.

Abin mamaki, faɗuwar nan ta ƙara jama'a. Waɗanda suka zo kallon ɓaraguzai suka tarar da dattijo mai shekara sittin da bakwai cikin rami yana aza harsashin ƙafafu, kunya ta hana su tafiya hannu rabbana. Gayya ta kai mutum hamsin. Matan gari suka soma aiko da kisra, wata wainar dawa marar kauri, da miyar kuɓewa, matan kambo na dafa shayi, ana ci a tire ɗaya. In azahar ta yi, Musulmi su yi sahu ƙarƙashin gawon, Kiristoci su ci gaba da tankaɗe yashi nesa kaɗan don kada ƙura ta dame su. Ranar Lahadi ba a aiki sai an tashi daga addu'a.

Ƙafafu huɗu aka gina, sannan aka koma sama. Baka bayan baka, Audi na kan katako tun sanyin safiya, kowane tubali sai ya juya shi ya duba kafin ya kwantar. In ya kai tsakiya yakan sassaƙa na ƙarshe da kansa, ya buga shi a hankali har ya zauna daram. Wata uku da rabi aka yi kafin sabon rufi ya haɗu da tsohon, aka kuma bar shi kwana arba'in ya sha iska. Wannan karon ko hannu bai kai wa tokari ba.

Ranar cirewa gari ya fito kamar ana sallah, har daga ƙauyukan maƙwabta. Sawsan ta ja igiya ta ce kowa ya tsaya bayanta, masu zare itace su ɗaura igiyoyi su ja daga waje. Audi ya ɗauki ɗan benci ya tsallake igiyar ya kai tsakiyar ɗakin ya zauna. Ta bi shi tana roƙo. Ya ce wanda ya ce mutane su zauna ƙarƙashin aikinsa shi ya kamata ya fara zama, in tana shakkar lissafinta ta faɗa masa ya tashi. Ta dube shi, ta dubi rufin, ta ce ba ta shakka. Kafin ta juya sai ga Santino ya ɗingiso ya zauna gefensa. Bayansa Ma'u ta shigo da tulun gahawa da kofuna, ta zuba musu kamar a tsakar gida, ta nemi wuri ta zauna.

Aka soma ja. Itace na farko ya faɗi, na biyu, na uku. Katako ya saki, garin farar ƙasa kaɗan ya zubo cikin kofin Audi. Da aka zare na ƙarshe ba ka jin komai sai kukan kurciya daga gawon. Audi ya ɗaga kai ya bi layukan da ido daga wannan bango zuwa wancan. Babu tsaga, babu motsi. Ya kurɓi gahawarsa da garin a ciki, ya ce alhamdu lillahi.

Wata tsohuwa daga kambo ta rangaɗa guɗa, matan gari suka amsa, sai wuri ya kaure. Samari suka tsallake igiya suka ɗaga Audi sama yana faɗa su sauke shi saboda bayansa. Santino ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Sawsan ta sa hannu a takarda a kan bencin.

Bayan mako uku fada ya zo aka buɗe wurin. Malam Abdussalami da dattawan gari suka zauna a rumfar waje har aka gama, sannan aka ci rago tare. Salih bai zo ba, har yau kuma yana kan ra'ayinsa, ko da yake in sun haɗu da Santino a kasuwa suna gaisawa yadda suka saba. Aka yi yarjejeniya ta baki cewa ba za a kaɗa ƙararrawa lokacin kiran salla ba, ba a kuma taɓa saɓawa ba.

Bayan 'yan shekaru, da yaƙi ya ɓarke a ƙasar, mutane suka yi ta kwararowa daga Khartum, daga baya kuma daga Madani. Makaranta ta cika, gidaje suka cika. Santino ya fitar da bencuna ya buɗe ƙofa, iyalai goma sha ɗaya suka sauka a kanisa, dukansu Musulmi in ban da biyu. Audi, wanda bayansa ya riga ya hana shi hawa sama, ya zauna kan kujera yana nuna wa mazan cikinsu yadda za su gina murhu da makewayi a bayan ginin. Ranar Lahadi baƙin kan naɗe tabarminsu su koma inuwa na sa'a biyu, in an gama su dawo.

A ranar da suka iso, wata dattijuwa daga Madani ta tsaya tsakiyar ɗakin da buta a hannu tana waige-waige, ta rasa wanda za ta tambaya. Santino ya gane abin da take nema, amma bai yarda da saninsa ba, ya aika aka kira Usta. Audi ya zo yana dogara sanda, ya dubi ƙofa, ya dubi inda rana take, ya tsaya ya fuskanci kusurwar arewa maso gabas, inda alƙibla take. Santino ya durƙusa da gawayi ya ja layi a ƙasa daidai inda sandar ta nuna, matar ta shimfiɗa mayafinta ta tayar da salla.